Tarihin Binciken Rabon Ƙarfi a Tartsatsin Rana

Tartsatsin rana shi ne fashewar da kan auku farat ɗaya kusa da baƙaƙen tabban da ke fuskar rana, sa'ad da ƙarfin da ya taru cikin maganaɗisunta ya kwance cikin 'yan mintoci. Mas'alar da ta daɗe tana damun malaman falaki ita ce inda wannan ƙarfi yake tafiya, kuma tarihinta ya yi kama da rabon gado, wanda duk sa'ad da aka zaci an rufe lissafi sai ga wani magaji ya bayyana.

Ranar 1 ga Satumba 1859 Richard Carrington, mutumin Ingila, yana cikin zana tabban rana daga hoton da madubin hangensa ya jefa a kan allo, sai ga ɗigo biyu farare tas sun ɓullo a tsakaninsu, suka gusa kaɗan, suka dushe cikin kamar minti biyar. Kashegari wayoyin tangaraho suka rikice a Turai da Amurka, abin da ya isa hujja cewa ba haske kaɗai ya baro rana ba. Amma duk da haka, har 1892 babban malami irin Lord Kelvin yana musun alaƙar rana da irin wannan rikici.

Asalin dukiyar ya fara bayyana a 1908, da George Hale ya tabbatar da maganaɗisu cikin tabban, kuma a 1946 Ronald Giovanelli ya danganta tartsatsin da shi. Sauran kason kuwa iskar duniya ce ta yi musu hijabi, sai da na'urori suka ɗaga sama. A 1958 Peterson da Winckler suka kama haske mai tsananin kaifi daga tartsatsi ta na'urar da suka rataya wa balam-balam. A 1971 tauraron ɗan'adam OSO-7 ya ga rana tana amayar da dunƙulen iskar gas mai ɗimbin yawa. A 1976 kuma Lin da Hudson suka nuna cewa ƙwayoyin ilektoron da fashewar ke ingizawa suna ɗauke da babban rabo, su ne kuma ke afka wa ƙasan sararin rana su ƙona shi. Wannan, a ganina, shi ne mafi girman sauyi, domin ya mayar da hasken da ake gani sakamako, alhali a da shi aka ɗauka asali.

Bayan harba tauraron RHESSI a 2002, Gordon Emslie da abokan aikinsa suka auna manyan fashe-fashe 38, suka bayyana a 2012 cewa ƙarfin maganaɗisu ya wadatar da dukkan sassan, na ƙwayoyin kuma ya isa biyan dukkan hasken da aka fitar. Ƙididdigar ƙwayoyin dai mafi ƙarancin adadi ce, saboda hasken iskar da ta yi zafi yana rufe alamar raunanan cikinsu, waɗanda kuwa su ne suka fi yawa.