'Yan Gurguzun Jamus da Zawarcin 'Yan Nazi, 1923–1933

Akwai muhawarar da ta daɗe a tsakanin masu ra'ayin gurguzu: shin ya dace su ɓata lokacinsu wajen jan hankalin masu tsattsauran ra'ayin kishin jinsi, ko kuwa su bar su su nemi jama'a a wani wuri? Mai karatu, an taɓa gwada wannan a ƙasar Jamus, shekara goma cur, kuma labarin ya cancanci a ji shi.

A watan Janairu na 1923 sojojin Faransa da Beljiyam suka mamaye yankin Ruhr, saboda Jamus ta kasa biyan diyyar yaƙi. Cikin watan Mayu Faransawa suka harbe wani tsohon soja mai suna Albert Schlageter, bisa laifin dasa nakiya a hanyar jirgin ƙasa. Mutumin nan bai taɓa zama abokin 'yan gurguzu ba, da bindiga ya yaƙe su. Amma a watan Yuni sai ga Karl Radek, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyar kwaminis ta duniya, ya tashi a Masko yana yabon jaruntarsa, yana cewa yaro ne na kirki da ya ɓace hanya, kuma ire-irensa su dawo cikin ma'aikata. Jaridar jam'iyyar kwaminis ta Jamus, watau KPD, har ta buɗe shafinta ga Ernst Reventlow, sanannen maƙiyin Yahudawa, don a yi musayar ra'ayi. Cikin 'yan watanni aka watsar da shirin, babu wani abin kirki da ya haifar. Sai dai an ji wasu shugabannin KPD, garin neman shiga ran masu saurare, suna ta aron bakin abokan gaba suna zagin "'yan jari-hujjar Yahudawa". Wanda ya je jawo wani daga rijiya, ga shi ya soma leƙawa da yawa.

Aka sake gwadawa bayan 1930. A zaɓen 1928 jam'iyyar Hitila ta sami kashi 2.6 cikin ɗari ne kawai. A na Satumban 1930 ta haura kashi 18. A nan ne aka sami nasara guda wadda 'yan gurguzu suka daɗe suna tinƙaho da ita. Wani laftana, Richard Scheringer, an ɗaure shi wata 18 saboda yaɗa manufar Nazi a cikin soja. A kurkukun Gollnow ya tarar da fursunoni 'yan kwaminis, suka yi watanni suna cin abinci tare, suna gardama dare da rana, suna ba shi littattafai. A watan Maris na 1931 aka karanta takardarsa a majalisa, cewa ya bar Hitila ya koma KPD.

A ganina abin lura shi ne yadda aka shawo kansa. Zaman tare ne na tsawon lokaci, a wurin da babu taro balle tafi. Duk malamin da ya taɓa zama da ɗalibi mai taurin kai bayan an tashi makaranta ya san bambancin wannan da faɗa a gaban aji. Shugabannin KPD kuwa sai suka ɗauka an gano laƙani, suka buga wasiƙunsa, suka yi ta yawo da sunansa. 'Yan tsirarun hafsoshi ne suka biyo shi. A bainar jama'a kuma ga yadda abin yake kasancewa: a Janairun 1931 Walter Ulbricht na KPD ya hau dandali ɗaya da Goebbels a birnin Balin, aka tashi da jifa da kujeru, aka kwashi mutane zuwa asibiti.

Duk wannan da sauƙi, da ba a haɗa shi da wata ƙatuwar wauta ba. Tun 1928, bisa umurnin Masko, KPD ta ɗauki jam'iyyar SPD, ta masu sassaucin gurguzu, a matsayin babbar abokiyar gaba. Watau ana lallashin ɗan Nazi, ana zagin ɗan uwa ma'aikaci. A watan Agusta na 1931 KPD ta mara wa 'yan Nazi baya a ƙuri'ar raba-gardama don kayar da gwamnatin jihar Prussia wadda SPD ke jagoranta; ƙuri'ar ba ta ci ba, amma gabar ta ƙaru. A Nuwamban 1932 'yan kwaminis da 'yan Nazi suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a yajin aikin ma'aikatan sufuri na Balin. Ita ma SPD ba ta kuɓuta daga laifi ba, don 'yan sandan da ke ƙarƙashinta sun kashe mutane fiye da 30 a zanga-zangar ranar ma'aikata ta 1929, kuma ba a manta ba.

Binciken da masana irin su Jürgen Falter suka yi daga baya ya nuna cewa yawancin ƙuri'un Hitila sun fito ne daga waɗanda suka gudu daga jam'iyyun tsaka-tsaki da na 'yan mazan jiya, da manoman karkara, da mutanen da a da ba su jefa ƙuri'a. Marasa aikin yi, waɗanda suka kai miliyan 6 a farkon 1932, sun fi karkata ga KPD. Ashe dai miliyoyin da ake iya juyawa suna can a ƙauyuka da ƙananan kantuna, ba su riga sun sa rigar Nazi ba, kuma da wuya aka ga ɗan gurguzu ya je ya yi musu sallama.

A zaɓen Nuwamban 1932 'yan Nazi suka sami kashi 33, SPD da KPD kuwa, in an haɗa, sun wuce kashi 37. Ranar 30 ga Janairu 1933 aka naɗa Hitila shugaban gwamnati. Cikin watan Maris aka kama shugaban KPD, Ernst Thälmann, aka tsare shi shekara 11, sannan aka kashe shi a sansanin Buchenwald a 1944. Scheringer dai bai koma Nazi ba. Ya rasu a 1986 yana ɗan kwaminis.