Gyaran na'urar sanyaya mota

Gyaran na'urar sanyaya mota, wadda aka fi sani da esi, ya kasu gida biyu: akwai abin da mai mota zai iya yi da kansa, akwai kuma wanda sai bakanike mai kayan aiki. Duk aikin da zai sa a buɗe bututun gas yana cikin kashi na biyu.

Yadda take aiki

Kwampireso, wanda bel ɗin inji ke juyawa, yana matse gas ya tura shi zuwa kondensa da ke gaban lagireto. A nan gas ɗin yake fitar da zafi ya zama ruwa. Sai ya ratsa wata 'yar ƙaramar kafa, matsinsa ya ragu, ya shiga bututun da ke bayan dashbod, inda yake zuƙe zafin iskar da fanka ke hurawa cikin mota. Gas ɗin ba ya ƙonewa kamar fetur, zagayawa kawai yake yi. Saboda haka idan ya ragu sosai, to akwai inda yake yoyo.

Abin da ake iya yi a gida

Idan sanyi ya ragu, ana fara duba matatar iskar cikin mota, wadda a yawancin motoci take bayan akwatin dashbod na gefen fasinja. Ƙurar hunturu kan toshe ta da wuri. Ana kuma duba fis da bel, a wanke kondensa da ruwa mara ƙarfi don kada siraran ƙarafunta su lanƙwashe, sannan a tabbatar fankarta tana juyawa idan an kunna esi. Danshin mai a mahaɗar bututu alama ce ta yoyo.

Ƙara gas

Nan ne aka fi yin ɓarna. Tsofaffin motoci sun yi amfani da R-12, wanda Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina saboda yana lalata rufin ozon. R-134a ya maye gurbinsa a shekarun 1990, sababbin motoci da yawa kuma R-1234yf suke ɗauka. Ba a gauraya su. Nau'in gas da nauyinsa suna rubuce a wata takarda da ke manne ƙarƙashin bonet.

Gwangwanin gas ana haɗa shi ne da ɓangaren ƙaramin matsi kawai, wato bututun da ya fi kauri. Idan aka haɗa shi da ɗaya ɓangaren yana iya fashewa. Gas ɗin kan daskarar da fata, ya kuma lahanta ido, don haka ana sa safar hannu da tabarau. Cikawa fiye da kima na rage sanyi, yana kuma iya kashe kwampireso, wanda yana cikin sassan da suka fi tsada. Ƙara gas ba tare da toshe yoyon ba asarar kuɗi ce kawai.

Idan an buɗe bututu, dole a zuƙe iska da danshi da famfo na musamman kafin a cika, domin danshi kan daskare ya toshe hanya. Motoci masu kwampireson lantarki kuwa suna buƙatar mai na daban wanda ba ya ɗaukar wuta.