Ƙabilar Deori ta Indiya da majalisarta ta cin gashin kai

Deori ƙaramar ƙabila ce da ke arewa maso gabashin Indiya, galibi a jihar Assam, sai wasu a jihar Arunachal Pradesh. Ƙidayar shekarar 2011 ta nuna yawansu a Assam ya kusa dubu 44. Ƙauyukansu na warwatse a gaɓar kogin Brahmaputra, a gundumomi irin su Lakhimpur, Dhemaji, Tinsukia da Jorhat.

A da can, su ne masu kula da wuraren bauta na masarautar Chutia a yankin Sadiya, kafin masarautar Ahom ta ci ta da yaƙi a ƙarni na 16. Har yau shugabannin bauta da dattawan ƙauye na da faɗa a ji wajen sasanta rigingimu bisa al'ada. Cikin rassan ƙabilar, reshen Dibongia ne ya fi riƙe harshen gado, sauran sun koma magana da harshen Assam.

Bayan shekaru na fafutuka, wadda ƙungiyar ɗaliban Deori ta kasance a kan gaba, gwamnatin Assam ta sa hannu kan yarjejeniya da wakilansu a shekarar 2005, aka kafa majalisar cin gashin kai ta Deori mai mazauni a Narayanpur, gundumar Lakhimpur. Jama'a ke zaɓen mafi yawan ƴan majalisar na wa'adin shekara 5, su kuma su fitar da kwamitin zartarwa. A zaɓen 2022 an fafata kan kujeru 22. Aikinta ya shafi ilimi, noma, hanyoyin karkara da raya harshe da al'ada.

Sai dai ikon nata takaitacce ne. Dokar jiha ce ta kafa ta, kamar majalisun Mising, Rabha da Tiwa na 1995, saɓanin na Bodoland, Karbi Anglong da Dima Hasao waɗanda jadawali na 6 na kundin tsarin mulkin Indiya ya ba su ikon yin dokoki a wasu fannoni. Kuɗin majalisar Deori daga gwamnatin jiha suke fitowa, kuma ba ta da dunƙulallen yanki. Shi ya sa ƙungiyoyin ƙabilar ke neman a saka ta cikin jadawali na 6, domin kare filayensu da harshensu.