Neman Jirgin da Ya Ɓace a Daji

Ran 16 ga Oktoba 1972, wani ƙaramin jirgi ƙirar Cessna 310 ya tashi daga Anchorage zuwa Juneau, a jihar Alaska ta Amurka. Mutum huɗu ne a ciki, har da 'yan majalisa biyu, Hale Boggs da Nick Begich. Kwana 39 ana nemansu cikin duwatsu da ƙanƙara, har yau ko ɓurɓushin jirgin ba a gani ba. Iyalansu ne ke ba ni tausayi, ba su samu gawar da za su binne ba.

Na'urar neman agaji ta wancan zamani sai jirgi ya faɗi take kuka, kuma sai wani jirgin ya gitta kusa a ji ta. Tsarin taurarin ɗan Adam na Cospas-Sarsat, haɗin gwiwar Amurka, Kanada, Faransa da Tarayyar Sobiyet, ya sauya wannan ana tsakiyar yaƙin cacar baka. A Satumban 1982 tauraron ɗan Adam na Sobiyet ya tsinci kukan wani jirgi da ya faɗi a British Columbia, aka ceto mutum uku.

Sai dai na'urar kan ƙone ko ta nutse. Shi ya sa na fi natsuwa da irin su SPOT da inReach, masu aika inda jirgi yake duk bayan 'yan mintoci tun yana sama. In sun yi shiru, masu ceto sun san inda za su fara. Matuƙin da zai ratsa daji, don Allah ya ɗauki duka biyun: na'urar neman agaji da mai aika inda jirgi yake.