BABI NA UKU: YADDA MANOMA DA 'YAN KASUWAR GUSAU, TSAFE DA BUNGUƊU SUKA KOYI KULA DA INGANCIN AUDUGA DA GYAƊA, 1927–1986

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin kafuwar garuruwan Gusau da Tsafe da Bunguɗu da kuma sana'o'in mutanensu. A wannan babi kuwa za a dubi yadda manoma da 'yan kasuwar wannan yanki suka fara koyon abin da a yau ake kira kula da ingancin kaya da gyaran tsarin aiki. Abin da ake nufi da kula da inganci a nan shi ne tabbatar da cewa kayan da aka kai kasuwa sun cika sharuɗɗan da mai saye ya gindaya. Gyaran tsarin aiki kuwa shi ne bin matakan aiki ɗaya bayan ɗaya, tun daga shuka har zuwa awo, domin gano inda ɓarna ke shiga a toshe ta.

Babin zai nuna cewa mutanen yankin ba a aji suka koyi wannan ilmi ba, a gaban sikeli suka koye shi. Haka kuma koyon bai kankama ba sai a lokutan da abubuwa uku suka haɗu, wato ma'auni bayyananne, da bambancin farashi, da kayan aikin da talaka zai iya samu.

3.1 Awo da Inganci Kafin Zuwan Turawa

Ba Turawa ne suka kawo tunanin inganci ƙasar Hausa ba. Tun a farkon ƙarni na 19, lokacin da Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa Gusau, ana noman auduga a ƙasar Zamfara, mata na kaɗi, maza na saƙa da rini. Masaƙi ya san zaren da zai tsinke a masaƙa, marini ya san baban da zai kama. A kasuwa kuma akwai sarkin kasuwa da dillalai da 'yan awo, sannan addinin Musulunci ya yi hani mai tsanani ga tauye mudu da algus.

Sai dai wannan ilmi a ido da hannu yake, kuma amana ce ginshiƙinsa. Mai saye da mai sayarwa sun san juna, ko dillali ya san su duka biyu. Idan kaya suka yi aibi, an san ƙofar gidan da za a mayar da su. Babu rubutacciyar ƙa'ida guda wadda za a auna kayan Tsafe da na Bunguɗu da ita a ce darajarsu ɗaya. Buƙatar irin wannan ƙa'ida ta taso ne a lokacin da mai sayen ya zama wata masana'anta a Ingila wadda manomi bai taɓa gani ba.

3.2 Zuwan Jirgin Ƙasa da Sabon Ma'auni

A shekarar 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta BCGA a birnin Mancesta, domin rage dogaro da audugar Amurka. Arewacin Nijeriya na daga cikin wuraren da suka sa wa rai. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sai lissafinsu ya sha bamban, domin manoman Kano gyaɗa suka runguma, masaƙan gida kuma suka riƙa sayen auduga da tsadar da ta fi ta Turawa. Wannan ya sa aka mayar da hankali ga yankin da ke tsakanin Zariya da kudancin Katsina da gabashin Lardin Sakkwato.

Reshen dogo daga Zariya ya iso Gusau a 1927, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Daga nan Gusau ta zama matattarar auduga da gyaɗa. Kamfanoni irin su UAC da John Holt suka buɗe kantuna, BCGA kuma ta kafa injin gurzar auduga a garin, kamar yadda ta yi a Zariya da Funtuwa da Malumfashi. Tsafe, da yake tana kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, da Bunguɗu da ke kan hanyar Sakkwato, suka zama wuraren da ake tara kaya daga ƙauyuka kafin a wuce da su Gusau.

A nan ne manomi ya fara cin karo da sabon abu: sikeli a maimakon mudu, da kuma malamin duba kaya wanda ke da ikon cewa wannan ta shiga, wannan ba ta shiga ba. Dillalai da 'yan baranda da akawunan kamfani su ma duk sababbin shiga ne a wannan fage.

3.3 Auduga: Daga Iri zuwa Sikeli

Audugar gargajiya gajeren gashi gare ta, injunan Ingila kuwa doguwar suke so. Don haka a 1912 aka shigo da irin Amurka mai suna Allen. Tashar binciken noma ta Samaru, wadda aka buɗe a 1922, ta riƙa tace wannan iri, ana yawaita shi a gonar iri ta Daudawa kusa da Funtuwa, sannan a rarraba wa manoma kyauta ta hannun En'e. A wannan yanki rabon ya biyo ta hannun hakimai, wato Sarkin Katsinan Gusau da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bunguɗu, zuwa ga dagatai da masu unguwanni.

Idan aka duba da kyau za a ga cewa tsarin ya taɓa kowane mataki na aikin. Na farko, iri ɗaya ake so a shuka a yanki guda, domin kada ya gauraya. Na biyu, malaman gona sun riƙa kira da a yi shuka da wuri, ko da yake manomi kan fara da gero da dawa saboda ciyar da iyali. Na uku, a wajen tsinka ana so a ware fara tas daga wadda ƙwari suka ɓata ta yi ɗorawa, a kuma tsince ganye da kara. Na huɗu, bayan an gama tsinka sai a tuge karan a ƙone, domin kashe tsutsar da ke kwana a cikinsa har zuwa wata damina. Na biyar, ba a sayar da audugar fitarwa sai a kasuwannin da hukuma ta ware, inda malamin auduga zai duba ya ba ta lamba ɗaya ko lamba biyu ko lamba uku kafin a ɗora ta kan sikeli.

Da farko abin bai zo da sauƙi ba. Manomin da ya saba a yaba kayansa da ido sai ya ga an zazzage masa su a tabarma an ce ya sake tsinta. Wasu suka ɗauki abin wulaƙanci, suka koma wa masaƙan gida. Wasu suka shiga yayyafa ruwa ko zuba yashi don ƙara nauyi. A ɓangaren masu saye ma an yi ta kukan tauye awo da danne lamba. Wannan ya nuna cewa duba kaya a ranar kasuwa kawai ba ya haifar da inganci, sai dai ya haifar da wasan ɓuya tsakanin mai dubawa da mai kaya.

Abin da ya sauya lamarin shi ne kuɗi. A 1949 aka kafa hukumar cinikin auduga da ta gyaɗa, a 1954 kuma aka mayar da aikinsu hannun Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa. Hukumar kan sanar da farashin kowace lamba kafin buɗe kasuwa, ta kuma ba wakilai lasin saye. Da manomi ya san tun daga gida abin da ke tsakanin lamba ɗaya da lamba biyu, sai ya fara ware audugarsa tun a gona, ya sa iyali tsinta kafin ranar kasuwa. Ke nan aikin dubawa ya tashi daga hannun malami ya koma hannun mai kaya.

3.4 Gyaɗa: Daga Turmi zuwa Inji

Misalin gyaɗa ya fi fito da gyaran tsarin aiki fili. A al'ada, a turmi ake ɓarar gyaɗa, kuma taɓarya kan farfasa tsabar da yawa. Ga mai yin ƙuliƙuli da mai a gida wannan ba aibi ba ne, tun da nan take za ta soya ta matse. Amma gyaɗar da za ta yi watanni a buhu tana jiran jirgi, irin wadda aka riƙa tarawa dala-dala a Kano, idan a farfashe take sai mainta ya yi tsami, ƙwari kuma su samu ƙofar shiga. Masu matsar mai a Turai suka riƙa rage mata daraja.

Tsawon shekaru ana wa'azin a daina farfasa gyaɗa, ba a ga canji ba, domin manomi ba shi da abin da ya fi turmi, kuma kuɗin fasasshiya da lafiyayya ɗaya ne. A shekarun 1950 sai aka haɗa abubuwa biyu. Hukumar ciniki ta ware lamba ta musamman mai ƙarin kuɗi ga gyaɗar da yawancin tsabarta ba ta fashe ba, sannan aka yaɗa ƙaramin injin hannu mai raga a ƙasa da mariƙi da ake kai wa da komowa. Cikin 'yan shekaru mafi yawan gyaɗar da ake fitarwa daga Arewa ta koma wannan lamba. Manomin da aka daɗe ana zargi da taurin kai ya nuna cewa ba a gare shi matsalar take ba, a tsarin aikin take.

Wani darasin ya biyo baya a 1960, lokacin da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Bincike ya gano wata guba mai suna afalatoksin, wadda fumfuna ke haifarwa a gyaɗar da ba ta bushe sosai ba. Tun daga nan duk ƙasar da ke fitar da gyaɗa, har da Nijeriya, ta shiga jan hankalin manoma kan cira a kan kari, da shanya mai kyau, da tsince ruɓaɓɓiya. Wannan ya kawo sabon nau'in aibi wanda ido ba ya gani, sai ɗakin gwaji.

3.5 Kwatanci da Ilmin Inganci na Masana'antu

A daidai wannan zamani ne ilmin kula da inganci ke tasowa a wasu ƙasashe. A 1924 wani masani a Amurka, Walter Shewhart, ya fito da jadawalin lura da sauye-sauyen da ke faruwa a cikin aiki. A 1950 W. Edwards Deming ya koyar da injiniyoyi da shugabannin kamfanonin Japan wannan hanya. Jigon koyarwarsa shi ne cewa ba a dogara da duba kaya bayan an gama yin su, a cikin aikin ake gina inganci, kuma yawancin kurakurai daga tsari suke fitowa ba daga ma'aikaci ba.

Manomin Tsafe ko na Bunguɗu bai karanta waɗannan masana ba, amma abin da ya faru da audugarsa da gyaɗarsa ya yi daidai da wannan magana. Bahaushe ma ya ce tun ran gini tun ran zane. Bambancin shi ne, a Japan an koyar da ma'aikaci dalilin kowace ƙa'ida, aka kuma nemi shawararsa. A nan kuwa daga sama ƙa'idar ta zo, ta hannun hukuma da hakimi, kuma ribar da hukumar ciniki ke riƙewa daga kuɗin amfanin gona ta rage wa manomi ƙwarin guiwa.

3.6 Rushewar Tsarin

A tsakiyar shekarun 1960 aka buɗe masaƙar zamani ta Zamfara a Gusau, daga baya kuma aka samu injin matsar mai, wanda ya kawo mai sayen kusa da manomi. Amma farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, sun karya noman gyaɗar fitarwa. A 1975 ne kuma aka fara shirin bunƙasa aikin gona na Gusau da taimakon Bankin Duniya. A 1977 aka kafa hukumomin ciniki na ƙasa baki ɗaya, ta auduga tana da hedikwata a Funtuwa.

A 1986, ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, aka rushe waɗannan hukumomi. Manomi ya samu 'yancin sayarwa ga wanda ya ga dama, amma ba a tanadi wanda zai gaji aikin raba iri da sa lamba ba. Iri ya gauraya, masu saye suka riƙa kwasar kaya ba tantancewa, buhunan leda kuma suka maye gurbin na da, zarensu yana shiga cikin auduga ya ƙi kama rini. Darajar audugar Nijeriya ta faɗi. Abin lura shi ne, shekara guda bayan haka, a 1987, aka fito da ƙa'idojin inganci na duniya na ISO 9000. Wato a lokacin da duniya ke ƙara ɗaure ma'auninta, nan kwance shi aka yi. Masaƙar Gusau ita ma daga baya ta rufe, kamar yawancin takwarorinta na Kaduna da Kano.

3.7 Naɗewa

Wannan babi ya bi diddigin yadda mutanen Gusau da Tsafe da Bunguɗu suka tashi daga awon ido da amana zuwa awon sikeli da lamba. An ga cewa tilas da wa'azi kaɗai ba su koya wa kowa inganci ba. Koyon ya samu ne a inda manomi ya san ma'aunin da za a auna shi da shi, ya ga ƙarin kuɗi a hannunsa, ya kuma samu kayan aikin da ya dace. Da aka janye waɗannan a 1986, ilmin da aka tara cikin kusan shekara 60 ya fara zubewa.

Maganar ba ta tsaya ga tarihi ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Manomin Jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙiro a 1996, yana fuskantar irin tambayar da kakansa ya fuskanta a gaban malamin auduga. Babi na gaba zai dubi yadda 'yan kasuwar hatsi na waɗannan garuruwa suka tafiyar da awo da tantance kaya bayan rushewar hukumomin ciniki.