Gasar Ces ta Tarayyar Sobiyet: Zakarun da Aka Ɗaukaka da Waɗanda Aka Goge Sunayensu

Wannan makon za mu leƙa tarihin wata gasa da aka yi sau 58 tsakanin 1920 da 1991, wato gasar fitar da zakaran ces, darar Turawa, ta Tarayyar Sobiyet. In muka karanta jerin zakarunta a tsanake, za mu ga hannun da ya reni gasar shi ne kuma ya riƙa share sunayen wasu daga cikin 'ya'yanta.

An fara ta a Mosko a watan Oktoban 1920, ana tsakiyar yaƙin basasa da yunwa. 'Yan wasa 16 ne suka fafata, kuma abinci ya yi ƙaranci har wasunsu suka yi barazanar ƙaurace wa gasar in ba a ƙara musu burodi da cuku da taba ba. Alexander Alekhine ya lashe ba tare da an ci shi ko sau ɗaya ba. Shekara na zagayowa ya bar ƙasar, kuma a Faransa yake zaune lokacin da ya zama zakaran duniya a 1927.

Daga 1924 harkar ta koma hannun Nikolai Krylenko, babban jami'in shari'a na gwamnati. Shi ya mayar da ces aikin hukuma: aka buɗe ƙungiyoyi a masana'antu da gidajen horar da yara, daga baya har manyan 'yan wasa suka riƙa karɓar albashi. Sai dai mai ba ka riga yana iya tuɓe ta. Efim Bogoljubov ya ci gasar a 1924 da 1925, amma da ya zaɓi zama a Jamus a 1926 sai aka ɗauke shi maci amana. Fedir Bohatyrchuk, wanda ya raba kambun 1927 da Pyotr Romanovsky, ya ƙare a Kanada bayan yaƙin duniya na biyu, aka riƙa tsallake sunansa a littattafai. Krylenko kansa bai tsira ba, an harbe shi a 1938 a zamanin kisan gillar Stalin. Vladimirs Petrovs na Latbiya, wanda ya buga gasar 1940, a sansanin fursuna ya rasu a 1943.

Duk da haka, shukar ta yi yabanya. Mikhail Botvinnik ya fara cin gasar a 1931 yana ɗan shekara 20, ya ci sau shida, ya zama zakaran duniya a 1948. Mikhail Tal na birnin Riga, mai sadaukar da 'ya'yan wasansa don ya rikita abokin karawa, shi ma ya fara a 1957 yana ɗan 20, ya kuma ci sau shida. Tigran Petrosian da Viktor Korchnoi da Alexander Beliavsky kowa sau huɗu. Daga 1948 har rushewar ƙasar, ba wanda ya riƙe kambun duniya daga waje sai Bobby Fischer na Amurka, daga 1972 zuwa 1975.

Ƙarfin gasar ya kai har cinta ba ya ba mutum tabbacin komai a waje. Leonid Stein ya lashe ta sau uku a cikin shekarun 1960, amma bai taɓa shiga zagayen masu neman kambun duniya ba, a wani ɓangare saboda dokar da ta taƙaita yawan 'yan ƙasa ɗaya da za su wuce. Ya rasu a 1973 yana da shekara 38.

Kayen da Fischer ya yi wa Boris Spassky ya ƙona ran hukuma. Aka tilasta wa duk manyan 'yan wasa shiga gasar 1973, har da masu gudunta don tsoron zubewar daraja. Sai ga Spassky, wanda ake ɗora wa laifin, ya lashe ta a gaban Karpov da Petrosian da Korchnoi.

Korchnoi ne misali mafi zafi. A 1976 ya nemi mafaka a Holan bayan wata gasa a Amsterdam. 'Yan wasan Sobiyet suka ƙaurace wa gasannin da yake ciki, aka ɗaure ɗansa, iyalinsa ba su samu fita ba sai 1982. Amma ƙwarewa ba ta gogewa da alƙalami: sau biyu, a 1978 da 1981, dole Anatoly Karpov ya zauna gaba da gaba da shi don kare kambun duniya.

Gasa ta ƙarshe an yi ta a Mosko a 1991, ba Karpov ba Kasparov. Artashes Minasian na Armeniya ya ci, kafin shekarar ta ƙare kuma ƙasar da ya zama zakaranta ta watse. Yau sunayen Bogoljubov da Bohatyrchuk da Korchnoi sun koma gurabensu a jerin, wasanninsu kuma na nan a rubuce, taki bayan taki, ga duk mai son ya shimfiɗa allo ya bi su.