TARIHIN GAJERUN HANYOYIN JIHA A AMURKA: YADDA AKA FID DA MANOMI DAGA TAƁO

 A wannan fitowa filinmu na tarihi zai leƙa ƙasar Amurka. Kowa ya san labarin manyan titunansu masu layi shida ko takwas da ake nunawa a talabijin, don haka mun bar wannan. Za mu duba wasu 'yan gajerun hanyoyi ne, waɗanda gwamnatin jiha ce ke da su, ita ke zuba musu kwalta, ita ke gyara musu kwalbati, alhali farkonsu da ƙarshensu duk a cikin gunduma ɗaya suke. Wata mil biyar ce, wata goma. Mu da abincinmu ke kan hanya, ko dai muna jiran motar goro ko ta kayan gwari, ya kamata mu ji yadda aka yi jiha ta ɗauki nauyin hanyar da ko maƙwabciyar gunduma ba ta kai ba.

Da farko sai mu fahimci tsarin ƙasar. Amurka tana da jihohi 50, kuma kusan kowace jiha an yanka ta gunduma-gunduma, abin da su suke kira kawunti. Ta yi kama da ƙaramar hukuma a nan gida. Gundumomin sun haura 3,000. Jihar Teksas kaɗai tana da 254, ita kuwa Delawa uku kacal gare ta. A bisa hankali, hanyar da ta haɗa birane ita ce ta jiha, wadda ta tsaya cikin gunduma kuma a bar wa gunduma kayanta. To, haka abin yake a da, sai da wahala ta koya musu wani darasi.

ZAMANIN TAƁO

A ƙarni na 19 gwamnatocin jihohi ba ruwansu da yawancin hanyoyin karkara. Gunduma da ƙauye su ke da wannan aiki, kuma ba kuɗi suke kashewa ba. Doka ce ta ɗora wa kowane namiji mai lafiya ya fito wasu 'yan kwanaki a shekara da shebur ko gatari ya yi aikin hanya a madadin haraji. Tsofaffinmu da suka ga aikin hanya na zamanin En'e sun san irin wannan aiki: kowa na duban rana, ana jira a tashi. Ba injiniya, ba magudanar ruwa. Da damina ta sauka, ko ƙanƙara ta narke, sai hanya ta koma kwatami, keken doki ya nutse har gindi. Manomi na da hatsi a rumbu, tashar jirgin ƙasa na nan mil goma, amma ba halin kaiwa sai ƙasa ta bushe, lokacin da kowa zai fito da nasa farashi ya faɗi.

A 1904 gwamnatin tarayya ta yi ƙidayar hanyoyin karkara. Aka samu mil sama da miliyan biyu, amma waɗanda aka zuba wa tsakuwa ko wani abu mai ƙwari kimanin kashi bakwai cikin ɗari ne kawai. Sauran duk turɓaya ce da laka.

Abin mamaki, masu keke ne suka fara tayar da ƙayar baya. A 1880 suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, suka shiga buga ƙasidu da mujalla suna kiran a gyara hanya. Manoma da farko suka ƙi, suna ganin 'yan birni ne masu yawon shaƙatawa ke so a ƙara musu harajin gona. Abin da ya juyo da hankalinsu shi ne wasiƙa. A 1896 gidan waya ya fara kai wa mutanen karkara wasiƙu har ƙofar gida kyauta, amma da sharaɗi: inda hanya ba ta biyuwa, ma'aikaci ba zai je ba. Nan fa manoma suka shiga sahu.

Jihar Niyu Jazi ce ta fara sa hannu a aljihu. A 1891 ta yi doka cewa idan gunduma za ta gina hanya mai kyau, jiha za ta biya kashi ɗaya bisa uku. A 1893 tarayya ta buɗe wani ɗan ofishin binciken hanyoyi a ƙarƙashin ma'aikatar gona, da kasafin dala 10,000. Sai ga motar Ford mai araha ta fito a 1908, manomi ma ya zama mai mota. A 1916 Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu a dokar da ta ware dala miliyan 75 cikin shekara biyar, tarayya ta biya rabi jiha ta biya rabi, kuma duk jihar da ke son kuɗin sai ta kafa ma'aikatar hanyoyi tata. Sa'annan a 1919 jihar Oregon ta ƙirƙiro harajin man fetur, santi ɗaya a kan galan. Kafin ƙarshen 1929 duk jihohin sun kwaikwaya. Wannan haraji shi ne ƙashin bayan labarin nan, domin ya sa mai hawa hanya shi ke biyan kuɗin gyaranta, kuma kuɗin a hannun jiha suke taruwa.

YADDA JIHA TA SHIGO ƘAUYE

Duk da haka mutumin ƙauye bai fita daga taɓo ba. Dokar 1921 ta taƙaita kuɗin tarayya a kan kashi bakwai cikin ɗari na hanyoyin kowace jiha, wato manyan da ke haɗa garuruwa. 'Yar hanyar da ta tashi daga gona zuwa bakin titi tana nan hannun gunduma, ita kuwa gunduma da harajin gidaje da gonaki take rayuwa. Da tattalin arzikin ƙasar ya karye a 1929, amfanin gona ya faɗi warwas, manoma suka kasa biyan haraji, aka shiga yi wa gonaki gwanjo. Gundumomi da yawa ga bashi a wuya, ga hanyoyi na lalacewa.

Jihar Karolina ta Arewa ce ta fara yanke shawara. A 1931, zamanin Gwamna Max Gardner, ta karɓe hanyoyin gundumominta gaba ɗaya, kimanin mil 45,000, ta sauke wa manoma harajin hanya, ta mai da nauyin kan harajin mai. Har fursunonin gundumomi da ake sa su aikin hanya ta karɓa, yawancinsu baƙar fata, kuma wannan wani tabo ne a tarihin da bai kamata a ɓoye ba. A shekarar dai, Gwamna Gifford Pinchot na Fensilbeniya, wanda ya yi yaƙin zaɓe da alkawarin fid da manomi daga taɓo, ya sa jiha ta karɓi mil 20,000 na hanyoyin ƙauye. Bai tsaya jiran kankare mai tsada ba, siririyar kwalta mai araha aka shimfiɗa don a kai ko'ina, har yau kuma akwai masu kiran irinsu hanyoyin Pinchot.

A 1932 Bajiniya ta bi sahu da wata doka da ake kira da sunan tsohon gwamnanta Harry Byrd, mutumin da ya yi suna wajen ƙin cin bashi don gina hanya. Dokar ta ba kowace gunduma zaɓi, ta miƙa hanyoyinta ko ta riƙe. Huɗu suka ƙi da farko. Daga cikinsu Arlington da Henrico har yanzu su ke kula da nasu.

A nan ne aka samu ɗimbin hanyoyin jiha da ba sa fita gunduma ɗaya, kuma lambobinsu ma sun nuna haka. A Bajiniya irin waɗannan hanyoyi suna ɗaukar lamba daga 600 zuwa sama, kuma lamba ɗaya takan maimaitu a gundumomi da yawa. Idan ka ce wa direba hanya ta 610, dole ka faɗi gundumar, in ba haka ba sai ya sauke maka kaya a wata uwa duniya. Karolina ta Arewa tana ba su lamba mai gida huɗu, ita ma kowace gunduma da jerinta. Jihar Mizuri kuwa haruffa take sa musu, A ko B ko AA, harafin ya sake fitowa a wata gunduma. A 1952 Mizuri ta fara shirin karɓar ƙarin mil 12,000 daga gundumomi, da nufin kusan kowane gidan gona da makaranta da kanti da maƙabarta ya kasance bai fi mil biyu daga hanyar jiha ba.

DAGA GONA ZUWA KASUWA

Misalin da ya fi kusa da zuciyar ɗan kasuwa shi ne na Teksas. Sunan da suka raɗa wa waɗannan hanyoyi ma ya isa bayani: hanyar gona zuwa kasuwa. A yankin makiyaya kuma sukan ce hanyar garke zuwa kasuwa. Ta farko an gama ta a 1937 a gundumar Rusk, tsawonta bai cika mil shida ba. A 1949 majalisar jihar ta yi dokar da ta ware dala miliyan 15 kowace shekara don irin waɗannan hanyoyi kaɗai. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kawo dokar, Dolph Briscoe, mai shanu ne da ya san zafin rashin hanya, kuma daga baya ya zama gwamnan jihar a 1973. Hikimar dokar ita ce kuɗin tsayayyu ne, ba sai an je an yi fadanci kowace shekara ba. Yau hanyoyin sun kai dubbai, da yawansu kuma ba su taɓa tsallaka iyakar gundumarsu ba.

Akwai kuma wata mai ban dariya a jihar Mishigan, lambarta M-185. Ta zagaye wani tsibiri ne a gundumar Mackinac, mil takwas, inda ta fara nan ta ƙare. Tun 1898 mutanen tsibirin suka hana mota shiga saboda tana firgita musu dawakai, don haka hanyar jiha ce sukutum amma sai keke da keken doki da mai tafiya a ƙasa.

Kada a ɗauka tsarin ba shi da matsala. Hausawa sun ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Karolina ta Arewa yanzu tana riƙe da kimanin mil 80,000, Teksas ce kawai ta fi ta, kuma motocin zamani ba sa shan mai kamar na da, ga masu lantarki sun shigo, harajin mai ya daina isa. Wasu jihohin ma baya suka koma. A 2003 jihar Ayowa ta mayar wa gundumomi da garuruwa kimanin mil 700 na gajerun hanyoyi. Har gobe ana ja-in-ja a kan wa ya fi dacewa ya riƙe su. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne kowace hanya tana da mai ita a rubuce, da lambarta, da inda kuɗin gyaranta ke fitowa.

ABIN DA YA SHAFE MU

A nan Nijeriya ma hanyoyi kashi uku ne: na A na tarayya, na B na jiha, na C na ƙaramar hukuma. Kusan kashi biyu bisa uku na tsawon hanyoyin ƙasar nan a hannun ƙananan hukumomi 774 suke, wato mafi nauyin kaya a kan mafi ƙarancin ƙarfi, kamar Amurka kafin 1931. A 1986 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar DFRRI ta fasa hanyoyin burji a karkara, amma da yake ba a tsayar da mai gyara da kuɗin gyara ba, damina ta cinye da yawansu. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko wannan zai kai ga kwalbati, lokaci ne zai nuna.

Mun sani tirela takan taso daga Kano ko Sakkwato ta yi tafiyar kwana biyu lafiya, sai a mil ɗaya na ƙarshe, tsakanin babban titi da bakin kasuwa, ta kafe. Tumatir ya kwana a mota ya ruɓe, a biya 'yan dako ninki biyu, direba ya ƙara kuɗin mota a zuwa na gaba. Haka mai sayen goro ke fama da hanyar da ta shiga gonakin masu masaukinmu. Asarar tamu ce da su baki ɗaya.

Saboda haka muna ba shugabannin ƙungiya shawara uku. Na ɗaya, a bincika a san kowace hanya da ta shigo zango da kasuwa ta wace ce, tarayya ko jiha ko ƙaramar hukuma, domin sau da yawa takardar kokenmu ofishin da ba nasa ba take zuwa. Na biyu, kada mu je mu kaɗai. Masu keken Amurka ba su ci nasara ba sai da manoma suka shigo, mu ma da ɗan gari akan ci gari: a haɗa kai da sarakunan gari da ƙungiyar direbobi da matan kasuwa, a sa hannu a takarda ɗaya. Na uku, a adana rasit na duk kuɗin da muke biya a kasuwa da tasha, kuma kowa ya yanki katin zaɓe a nan inda yake zaune. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma sai an nuna masa shaidar ya ci.

Daga kafa ƙungiyar masu keke a 1880 zuwa dokar Teksas ta 1949 shekara 69 ke nan, don haka aikin na masu haƙuri ne da naci. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya kiyaye direbobinmu a kan hanya, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.